Yadda Za Ki Taimaki Yaran El Alto Ki Koma Gida Ba Ki Zama Uwar Kowa Ba

Baƙuwa daga nesa, sannu da hanya, sannu kuma da haki, don na san tun da kika sauko daga jirgi numfashinki bai dawo daidai ba saboda tsayin tsaunukan nan. Ni ce Malama Zulema Apaza, mai koya wa baƙi Sifaniyanci a La Paz tun kafin a rataya motocin igiya a sararin garin nan. Ɗalibaina sun watsu a duniya, kuma har yau babu ko ɗaya da ya taɓa rubuto mini ƙorafi da Sifaniyanci, abin da na ɗauka a matsayin shaidar gamsuwa.

Ga alkawarina. Ki bi matakan nan sau da ƙafa, cikin wata uku za ki taimaki yara, ki iya harshe, ki cika waya da hotuna, ki koma ƙasarku zuciyarki fes, babu wanda ya riƙe miki gefen riga. Ɗaliba ɗaya tak dabarar ta ƙi ci a kanta, wata Bajamushiya mai suna Maren, ita ma laifinta ne. Zan riƙa kawo ta misali don ki ga inda ake zamewa.

Mataki na 1: Ki fara zuwa wurina

Kada ki kuskura ki yi magana da mutanen gari kafin in shirya ki. Mutanen gari ba sa bin littafi. Ni kuwa zan koya miki abin da rayuwa ke buƙata: yadda za ki mayar da miya idan ta huce, yadda za ki tambayi hanyar gidan tarihi, da yadda za ki nemi ɗakin otal mai kallon teku. Na san ƙasarmu ba ta da teku, amma littafin daga Sifen aka bugo shi, kuma da tsada na saya.

Maren ta fi kowa ƙoƙari. Doguwa ce, mai jan kunci, mai rubuta duk abin da na faɗa har da tarina. Wata rana ta ɗaga hannu, alhali mu biyu ne kaɗai a ajin.

"Malama, iyayen yaran can sama, akwai wani abin da ya kamata in sani game da su?"

"Yara yara ne a ko'ina," na ce mata. "Buɗe shafi na gaba, yau za mu yi hayar kwalekwale."

Masana harkar koyarwa, wato ni, sun tabbatar cewa ɗalibin da ya san abin da ke jiransa ba ya dawowa darasi na biyu.

Mataki na 2: Ki karɓi buroshin fenti da hannu biyu

Da safe za ki shiga motar igiya ki hau El Alto, inda iska ke yankan kunne. Kusa da kasuwa akwai gidan renon Doña Hortensia, wurin da mata 'yan kasuwa ke ajiye 'ya'yansu kafin su shimfiɗa kaya. Doña Hortensia ta ga 'yan sa-kai iri-iri, kuma ta san maganinsu. Tana ganinki za ta miƙa miki gwangwanin fenti ta nuna miki bango. Bangon nan ya sha fenti har ɗakin ya ragu. A ƙarƙashin bakan gizon da za ki zana akwai giwar wani ɗan Holan, a ƙarƙashin giwar akwai taswirar duniya.

Ki karɓa, ki yi godiya, ki zana. Bango ba shi da uwa, ba shi da dangi, ba ya biyo ki masauki.

Filin jirgi yana nan tsakiyar gari, saboda haka jirage ta saman rufin gidan suke wucewa. Duk sanda ɗaya ya taso, yaran sai su zubar da abin wasa su fita tsakar gida, su ɗaga kai suna ɗaga hannu, kowa yana kiran sunan baƙon da ya tuna. Ki ɗauki hoton wannan, yana kyau ƙwarai. Kada dai ki tambayi dalili.

Maren ta ajiye buroshin. Ta ce ita aikin gaske ta zo yi. Doña Hortensia ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, ga tukwanen kashi can."

Mataki na 3: Kada ki riƙe sunan kowa

Ki kira su duka "ƙawata" da "abokina". Ya fi sauƙi ranar tafiya.

Maren kafin mako ya zagayo ta haddace sunayensu, har da na masu majina. A cikinsu akwai Nilda, 'yar kimanin shekara biyu, ɗiyar Doña Basilia Ticona mai sayar da api a bakin kasuwa, kunun nan na jar masara da ke ƙona harshe ya gyara rai. Nilda ba ta iya magana sosai ba, Maren ma haka, sai suka daidaita. Yarinyar takan maƙale mata a ƙafa tun safe, Maren na yawo da ita tana jan ƙafa ɗaya. Abu ɗaya ne ke damun Maren, gashin yarinyar. Tun da aka haife ta ba a taɓa yanke shi ba, ya murɗe ya dunƙule curi-curi, an ɗaure wasu da jan zare. Kullum Maren na kallonsa, tausayi na cin ta, tana cewa a ranta uwar ba ta da lokaci ne, baiwar Allah.

Tausayi, a binciken da na yi, shi ne cutar da ta fi kama baƙi bayan ciwon kai.

Mataki na 4: Idan kin ga abin da ya yi kama da matsala, ki ɗauki hoto, kada ki ɗauki almakashi

Wannan matakin shi ne zuciyar littafin. Ki ja masa layi.

Ƙwarƙwata ta shigo gidan, kamar yadda takan yi duk shekara. Doña Hortensia ta fita karɓo burodi, ta bar Maren da mataji da kwalbar magani. Yara suka yi layi, ana tajewa ana kuka, har aka zo kan Nilda. Mataji ya shiga, bai fito ba. Maren ta ja, haƙoransa suka karye. Sai idonta ya faɗa kan akwatin kayan wasa, inda almakashin yankan takarda yake, mai jan hannu.

Ba ta yi gaggawa ba, kada a yi mata ƙarya. Ta zaunar da yarinyar a cinya, ta bi curin nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, tana rera mata waƙar garinsu. Nilda na ta ƙyalƙyala dariya saboda sanyin ƙarfe a ƙeya. Da ta gama ta wanke kan, ta shafa mai, ta share gashin ta zuba a kwandon shara. Ta dubi ɗan kan nan mai sheƙi, ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun zuwanta ƙasar. Yau dai ta yi wa wani amfani.

Doña Hortensia ta shigo, buhun burodi ya suɓuce mata.

"Wayyo Allah na! Ke yarinya, me kika yi?"

"Ƙwarƙwata," in ji Maren, tana murmushi. "Yanzu babu."

"Yanzu babu, ƙwarai kuwa! Yanzu babu komai!"

Bayanin da zan yi nan ba ya cikin manhaja, kuma ba zan caje ki ba. Askin farko, wanda ake kira rutucha, ba uwa ke yin sa ba. Ana barin gashin ne har a samu wanda zai sa almakashin farko a gaban jama'a, kuma daga ranar ya zama uban-askin yaron ko uwar-askinsa har abada. Makaranta, asibiti, rigima da hukuma, aure, shi za a nema. Mijin Basilia ya tafi ɗinki Brazil tun Nilda na ciki, ya yi shiru. Tun yarinyar na rarrafe Basilia ke zuba wa Don Fermín Chambi, mai motocin haya, api kyauta kowace safiya, tana zaɓa masa ƙosasshen fanke, har dai ya ce ya amince zai zama uban-askin. An riga an sa rana. Gashin da Maren ta zuba a shara shi ne kaɗai abin da Basilia ta tanada wa 'yarta.

Mataki na 5: Ki ba da haƙuri yadda littafi ya tsara, ki zo da tafinta

Ni aka kira. Na hau da takalmina mai tsini, na tarar da su a rumfar Basilia. Gajera ce mai faɗi, da 'yar malfa a ka da kitso biyu har kugu. Tana riƙe da Nilda, tafin hannunta a kan askin. Na yi wa Maren alama, ta gyara tsayuwa, ta karanto jimlar da na koya mata, tsaf babu kuskure.

"Ina mai matuƙar baƙin ciki da wannan rashin jin daɗi da aka samu."

Na ji alfahari. Jimlar ta otal ce, ta ranar da ruwan zafi ya ɗauke, amma ta fito da kyau.

Basilia ba ta ko dube ta ba. "Ina gashin?"

Na juya wurin Maren na fara fassara mata da Jamusancina na dole, cewa baiwar Allah tana son sanin, in ba damuwa, ko za a iya...

"Malama, rufe mana baki," in ji Basilia. "Ke ma an yi miki askin nan, kada ki yi mini kamar daga jirgi kika sauko. Ke Baturiya, ina gashin 'yata?"

Na kau da kai, tunda maganar ba ta shafi darasi ba. Maren kuwa ta gane ba tare da ni ba. Ta ruga gidan reno, ta kifar da kwandon shara a tsakar gida, ta durƙusa tana tsince curin gashi daga cikin ɓawon ayaba da tsumman majina, hawaye na ɗiga a hannunta. Ta kawo su cikin hularta.

Ana cikin haka Don Fermín ya iso shan apinsa. Ya dubi kan yarinyar, ya dubi hular. Ya karɓi kofi ya shanye a tsaye.

"Don Fermín, kuskure ne aka yi," in ji Basilia, muryarta ta yi ƙasa. "Gashi ai yana tsirowa."

"Yana tsirowa, Doña Basilia, amma na farko ba ya dawowa. Ni ba na bin bayan almakashin wani. Wanda ya fara shi zai ƙarasa."

Ya sa hannu a aljihu, ya ajiye kuɗin kofin a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba, ya tafi. Basilia ta daɗe tana kallon kuɗin, ba ta taɓa su ba.

Mataki na 6: Idan an zo miki da abinci a ƙunshe, ki ce kin ƙoshi

Ranar Lahadi Basilia ta sauko har masaukin Maren, sanye da zanen bikinta, da Nilda a goye, da ƙunshi a hannu. Ta kwance shi a kan gado: gasasshiyar kaza, dankali, ƙwai. Duk ɗan ƙasar nan ya san wannan ba ziyara ba ce, roƙo ne, kuma wanda ya ci ya amsa. Maren ma ta sani, don Doña Hortensia ta gargaɗe ta.

"Doña Basilia, ni ba ni da mota," in ji Maren, da guntun Sifaniyancinta. "Ba ni da komai. Kuma tafiya zan yi, tikitina yana nan."

"Na sani. Duk tafiya kuke yi. Kin ga na ce ki zauna?"

"To mene ne amfanina?"

"Amfani? Da amfani nake nema da na bi Fermín da kuka. Hannunki ne ya taɓa ta, ba ni na zaɓa ba, ke ma ba ki zaɓa ba. Yarinya dai ba za ta tashi a ce ba ta da kowa ba. In ta girma ta tambaye ni ina uwar-askinta, zan fito da ita waje in nuna mata jirgi, in ce ga ta can. Sauran yaran ma ai haka suke yi. Ci kazar nan kafin ta huce, ban gasa don ki kalla ba."

Maren ta ci. Ta ce mini daga baya kunya ce ta sa, da kuma yunwa.

Saura matsala ɗaya, biki ba ya yiwuwa babu abin yankewa. Doña Hortensia ce ta fitar da su. Ta samo shuɗiyar hular ulu, ta ɗinke curin gashin nan a jikinta da zare mai launi, aka kafa wa Nilda a ka. Maƙwabta suka taru, kowa ya yi kamar bai ga ɗinki ba. Maren ta sa almakashin farko karo na biyu, sauran suka biyo baya kowa da abin da ya ajiye wa yarinya a faranti. Wata tsohuwa ta yanke nata curin har da ulu, ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai gashi shuɗi ba sai yau. Aka naɗe gashin a ƙyalle aka damƙa wa Maren. Basilia ta rungume ta sama-sama, ta kira ta komadre, sunan da mata biyu ke kiran juna idan ɗa ya haɗa su.

Na halarta a matsayin mai sa ido kawai. Idona ne ya yi ruwa saboda hayaƙin gashin nama.

Mataki na 7: Ki yi kuka, ki shiga jirgi

Wannan shi ne mafi sauƙi, kowa yana cin sa. Yaran suna da waƙar bankwana mai gurbi a tsakiya inda ake saka sunan mai tafiya. Za su rera, za ki yi kuka, za a yanka kek, Doña Hortensia za ta fara tunanin launin da baƙo na gaba zai shafa. Ki ɗauki jaka ki wuce, kada ki waiwaya.

An yi wa Maren duk wannan. Ni kuma na makara da takardar shaidarta ta kammala darasi, na isa filin jirgi ban same ta ba, na ce ta riga ta shige. Tunda na riga na hau, sai na bi ta rumfar Basilia in sha api, ba don komai ba.

Ina kan kofina jirgin ya taso, ƙararsa ta cika kasuwa. Basilia ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zane, ta ɗauki Nilda ta fito bakin titi. Gashin yarinyar ya fara tsirowa tsaye-tsaye. Ta kama ɗan hannunta ta ɗaga sama.

"Ga ta can. Ɗaga mata hannu. Ce sai wata rana, uwar-askina."

Nilda ta ƙi kallon sama. Tana ta miƙa wuya ta bayan kafaɗar uwarta, tana zillo. Basilia ta juya don ta ga me ke ɗauke mata hankali.

Maren ce tsaye a gefen mai sayar da albasa, da jakar baya, da akwati mai taya wanda tayarsa ɗaya ta fita, hancinta ja wur.

"An ce in ɗora jaka a sikeli," ta ce. "Na buɗe in rage kaya, sai na ga ƙyallen. Ban san inda zan ajiye shi a garinmu ba."

Basilia ta dube ta, ta dubi akwatin, ta dubi jirgin da ke shigewa cikin gajimare. Na zuba ido in ga runguma irin ta hoto. Sai ta miƙa mata yarinyar.

"Kin makara, komadre. Riƙe ta, gas ɗina ya ƙare. In mutum ya zo, kofi ba a cika shi har baki."

Ta juya da sauri ta shige cikin kasuwa, ta bi hanyar da ba ta masu gas ba.

Sanarwar wanke hannu

Ni Malama Zulema Apaza ba ni da alhakin duk abin da ya samu wadda ta tsallake mataki, ko ta riƙe suna, ko ta ci kaza. Ba ni da alhakin tikitin da ya ƙone, ko iyayen da ke bugo waya daga Jamus suna tambayar yaushe, ko layin da Maren ke bi duk shekara a ofishin baƙi don sabunta izinin zama. Musamman ba ni da alhakin Sifaniyancin da take yi yanzu, na 'yan kasuwa, mai ja a ƙarshe, wanda take zagin yaran mota da shi har su ba ta haƙuri. Ba a ajina ta koye shi ba, kuma har yau ba ta iya neman ɗaki mai kallon teku ba. Takardar shaidarta na nan a jakata, ina hawa da ita duk Lahadi, ina mantawa in ba ta.

Idan kin isa gidan renon, Maren ce za ta tare ki a ƙofa, ta caje jakarki ta ƙwace duk wani abu mai kaifi, sannan ta miƙa miki buroshi. Za ki ga wata 'yar makaranta mai kitso biyu tana jiran ta su tafi gida. Ki lura da ita idan jirgi ya taso, sauran yara sun zuba waje suna kiran sunaye. Ita kaɗai ce ba ta ɗaga kai. Wannan ma ba ni na koya mata ba.